Muhawara: Shin Cary Grant ya wuce gona da iri a Arsenic and Old Lace?

Malam Auwal: An daɗe ana cewa zare ido da zabure-zaburen Cary Grant sun rage wa wannan fim ɗin barkwanci na darakta Frank Capra armashi, Grant kansa ma bai ji daɗin wasan da ya yi ba. Ina goyon bayan wannan magana. A kan dandamali dole ɗan wasa ya faɗaɗa motsi domin na kujerar baya ya gani. Kyamara kuwa tana dab da fuska. Idan aka zare ido sau uku inda ɗaya ya isa, dariyar sai ta huce.

Hajiya Rabi: Malam, ban yarda ba. Duba inda Mortimer, wato Grant a fim ɗin, ya ɗaga murfin benci na gindin taga ya ga gawa, ya rufe, ya juya, sannan ya dawo ya sake leƙawa. Gwaggonninsa Abby da Martha kuwa cikin natsuwa suke bayyana masa cewa wannan ne na 12 da suka shayar da guba, wai don tausayi. Natsuwarsu ba za ta ba da dariya ba sai da wani a gefe da hankalinsa ya tashi. Aikin Grant ke nan.

Kabiru: Hajiya, ni a ganina raunin yana wajen Jonathan, ɗan'uwan Mortimer. A wasan dandamali na marubuci Joseph Kesselring da aka ɗauko fim ɗin daga gare shi, wanda aka buɗe a Broadway ta New York a Janairun 1941, Boris Karloff, jarumin fina-finan ban tsoro, shi ne ya fito a matsayinsa, mutumin da tiyatar Dakta Einstein ta mai da fuskarsa kamar ta Karloff. Masu kallo suna ganin Karloff ɗin da idonsu yana fusata kan an kamanta shi da kansa. Masu shirya wasan ba su sake shi ya je Hollywood ba, sai aka ɗora wa Raymond Massey tabo na kwalliya, barkwancin ya rasa ƙafa ɗaya.

Malam Auwal: Wannan ma hujjata ce. Josephine Hull da Jean Adair da John Alexander, waɗanda suka fito a wasan dandamalin sannan suka fito a fim ɗin, sun shafe watanni suna auna inda jama'a ke dariya kafin a ɗauki fim ɗin a ƙarshen 1941. Sun san daƙiƙar da za su dakata. Grant bai samu wannan horon ba.

Hajiya Rabi: Amma Malam, an ajiye fim ɗin har Satumbar 1944, bayan wasan ya yi nuni 1,444, kuma har yau wurin bencin nan ne mutane suka fi tunawa. Fuskar Grant ce a wurin.