Muhawara: Shin Dole Ne a Ware wa Mai Tarin Fuka Kwano da Ɗaki Har Wata Shida?

Dattijo mai gidan haya, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Asibiti ya tabbatar wa ɗaya daga cikin masu haya a gidana cewa tarin fuka ne yake damunsa. Matsayata, wadda na ji wasu suna suka, ita ce a ware masa kwanonsa da kofinsa da butarsa, ya zauna a ɗaki shi kaɗai, kuma ya dakata da zuwa jam'i har sai ya gama maganin wata shida. Haka muka taso muka tarar iyayenmu suna yi, kuma tsakar gidan nan cike take da ƙananan yara. Duk wanda yake da hujjar da ta fi wannan, ya kawo ta.

Malamar jinya, Kawo: Wa'alaikumus salam Baba. Tsoron da kake ji wa yara yana kan hanya, sai dai cutar ba ta kwano take bi ba. Ƙwayar cutar, wadda wani likita ɗan Jamus, Robert Koch, ya gano a 1882, a huhu take zama, kuma a iska take fita idan mai ita ya yi tari ko atishawa ko ya ɗaga murya, sannan ta daɗe tana yawo a ɗakin da ba ya samun iska har wani ya shaƙe ta. Hasken rana yana kashe ta, iska mai wucewa kuma tana tarwatsa ta. Lokacin da mutum ya fi yaɗa ta shi ne watannin da ya yi yana tari kafin a gano, yana shan maganin tari na kemis. Da zarar ya fara shan maganin da ya dace ba fashi, yaɗuwar tana raguwa ƙwarai cikin mako biyun farko.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci: Malama, ban gamsu ba. Idan ba ta baki take shiga ba, me ya sa ake cewa a tafasa madarar shanu saboda tarin fuka? Na biyu, wa ya ba mu tabbacin cewa maganin yana aiki a jikin wannan bawan Allah, da har za mu saki jiki da shi bayan mako biyu?

Likitan dabbobi, Mando: Alhaji, ta madara wata 'yar'uwar ƙwayar ce da take kama shanu, kuma muna ganin ƙurajenta a huhun wasu dabbobi a mayanka. Tana shiga mutum ne ta ɗanyar madarar saniya mara lafiya, tafasawa kuwa tana kashe ta. Wannan bai shafi kwanon da mara lafiya ya ci tuwo aka wanke ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Unguwar Rimi: Tambayar Alhaji ta biyu tana da nauyi, bai kamata a tsallake ta ba. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana duba kakin da mutum ya tofa a kwalba, kuma cikin kimanin awa biyu tana nuna abu biyu: ko akwai ƙwayar, da kuma ko ta bijire wa rifampicin, wanda shi ne ƙashin bayan maganin. Idan ba ta bijire ba, maganar Malama ta zauna daram, kuma za a sake duba kakin a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Idan kuwa mai bijirewa ce, lissafin mako biyu ba ya aiki haka kai tsaye, domin wasu magunguna ne dabam ake bayarwa, irin su bedaquiline, kuma ma'aikatan lafiya ne za su faɗi lokacin da mutum zai koma cuɗanya. Saboda haka abin da ya dace Baba ya nemi sani, da yardar mara lafiyar, shi ne wane iri aka samu.

Malamin makaranta, Barnawa: An taɓa gwada wannan batu a aikace. A 1956 aka fara wani bincike a birnin Madras na Indiya, wanda yanzu ake kira Chennai, inda aka kwantar da wasu masu tarin fuka a asibitin keɓewa na shekara guda, wasu kuma aka bar su suna shan magani a gidajensu na talakawa masu cunkoso. Warkewar ɓangarorin biyu ta zo kusan ɗaya, kuma da aka bibiyi iyalansu na tsawon shekara biyar ba a ga cutar ta fi kama iyalan waɗanda suka zauna a gida ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa duniya ta bar tsarin killace masu tarin fuka.

Wata baiwar Allah da ta warke, Rigasa: Baba, ka yi mini izini in faɗi abin da ware kwano yake yi wa mutum, domin an yi mini. An ɗiga wa kwanona jan fenti a gindi, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa a juya, yara kuma an hana su amsa sallamata. Kullum da asuba nake haɗiye ƙwayoyin kafin in karya, fitsarina ya koma ja kamar manja, wanda tun farko an gaya mini aikin rifampicin ne, ba abin tsoro ba. Wata biyun farko magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya, sauran wata huɗun kuma biyu, ko kwabo ban biya ba. Da tarin ya tsaya na fara cikowa, babu abin da nake so irin in yar da katin karɓar maganin nan, domin duk ranar da na fita karɓar magani unguwa ta san inda na nufa. Yayata ce ta tsare ni har na kai ƙarshe. Wanda ya yanke magani a wannan gaɓar, tarin yana iya dawo masa, wani lokaci ma ya dawo da ƙwayar da ba ta jin magani, kuma makwabtan da suka ƙyamace shi su ne za su shaƙe ta.

Dattijo mai gidan haya: 'Yata, Allah ya ƙara lafiya. Maganar kwano na ji, amma har yanzu babu wanda ya ce mini ga abin da zan yi da yaran, ko kuwa so kuke in naɗe hannu?

Malamar jinya: Ko kusa Baba, akwai aiki a gabanka, kuma wani ɓangare na maganarka daidai ne. A makonnin farko ya kwana shi kaɗai idan da hali, taga a buɗe, ya rufe baki idan zai yi tari ko ya sa takunkumi, ya riƙa zama a tsakar gida maimakon ƙuryar ɗaki, sallah ma ya yi a gida zuwa lokacin. Duk waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi a kai su a duba su, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar da masu cutar ƙanjamau, domin akwai maganin kariya da ake ba wanda ya zauna da mara lafiya ko da bai nuna alama ba. Allurar BCG ta haihuwa tana tsare yaro daga munanan nau'o'in cutar, kamar wanda yake taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana kamuwa gaba ɗaya. Duk wanda ya kai mako biyu yana tari a gidan, ko yana gumin dare da zazzaɓi da rama, ya kai kakinsa gwaji. Ana iya kiran 3340 kyauta a nemi cibiya mafi kusa, kuma a jiharmu ta Kaduna ce ma cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta take, a Saye ta Zariya.

Ɗan kasuwa: Ni dai buta ɗaya da shi sai an yi mini haƙuri.

Dattijo mai gidan haya: Tagar ɗakin nasa an toshe ta da kwali tun hunturun bara, gobe zan kira kafinta ya buɗe ta ya sa mata raga. Matarsa da yaransa kuma ni zan kai su gwaji da kaina ranar Litinin in Allah ya kai mu. Batun komawa sahu kuwa, mako biyu ya yi mini kaɗan. Sai ya kawo mini sakamakon gwajin wata na biyu tukuna, mu je wurin liman tare.