A wane yanki ake lissafa ɗan ci-rani a ƙididdigar ayyukan yi?

Ɗalibi daga Zariya:
Assalamu alaikum. Ina nazarin rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan ayyukan yi, sai wani abu ya ɗaure mini kai. Yayana yana noma a ƙauyenmu da damina, da zarar an kai amfani gida kuma sai ya tafi Legas aikin acaɓa, ba ya dawowa sai ruwa ya sauka. Shin a Arewa maso Yamma ake lissafa shi ko a Kudu maso Yamma? Kuma me ya sa wasu ƙasashe ke tambayar mutum inda ya zauna a kwanakin baya?

Tsohon malamin ƙididdiga:
Wa alaikumus salam, ɗana. Irin wannan bincike gida-gida ake bi, kuma ana rubuta mutum ne a gidan da aka ɗauke shi mazauninsa, saboda haka amsar ta dogara da lokacin da mai tambaya ya yi sallama da kuma abin da maigida ya faɗa masa. Amfanin tambayar mazaunin baya shi ne ta bambance wanda ya daɗe a yanki da wanda neman abinci ya kawo shi kwanan nan. A Amurka sukan tambayi mutum inda yake zaune shekara guda da ta wuce, a Birtaniya kuwa, inda ake komawa gida ɗaya har sau biyar da tazarar wata uku-uku, an yi amfani da tambayar wata uku baya tare da ta shekara guda.

Malama mai bincike, Kano:
Malam ya yi bayani, amma tambayar shekara guda ba za ta taɓa kama yayanka ba. Idan aka tare shi a Agege a watan Fabrairu aka ce ina yake bara war haka, zai ce Legas. Idan aka same shi a bakin gona a watan Agusta, zai ce ƙauye. Duka amsoshin gaskiya ne, amma a takarda ya zama mutumin da bai taɓa motsawa ba, alhali sau biyu yake ratsa ƙasar nan kowace shekara. Tambayar wata uku ce kaɗai ke iya nuna wannan kai-komo, ita ma sai ta faɗo kusa da kaka ko farkon damina. Ban da haka, mai kwana a shago ko a tasha da wuya sunansa ya shiga jerin gidajen da ake zaɓa.

Tsohon malamin ƙididdiga:
Haka ne, Malama. Ɗana, ka kuma kula da sauyin ma'auni kafin ka kwatanta shekaru. An ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin ɗari, a farkon 2023 kuma kashi 4.1, domin yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya na samun kuɗi a mako ana ɗaukarsa mai aiki. Da wannan ma'auni yayanka mai aiki ne a Legas, amma da zai zauna a ƙauye da rani, mai yiwuwa lissafin Arewa maso Yamma ne zai ɗauki nauyin zaman nasa.

Ɗalibi daga Zariya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan koma takardar tambayoyin in duba wata nawa mutum zai yi ba ya gida kafin a cire shi daga mazauna.