Neman shawara: bangon ɗakina yana jiƙewa cikin hunturu, na rasa daga ina ruwan yake

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ku taimaka min. Haya muke a Tudun Jukun da ke Zariya, to tun bayan ɗaukewar damina bangon ɗakin kwananmu ta ƙasa yake jiƙewa, fenti na kumbura yana ɓarewa ga wani farin abu kamar kanwa yana fitowa, yanzu har ruwa nake tararwa a kusurwar tayil da safe. Rabonmu da ruwan sama tun Oktoba fa, silin kuma a bushe yake ƙayau. Bayan bangon banɗaki ne amma ban ga inda ke yoyo ba. Wani mai gyara ya zo ko dubawa bai yi ba ya ce a fasa tayil duka, ni dai hankalina bai kwanta ba. Ya zan yi?

Falamba Sabon Gari: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki bari kowa ya sa guduma tukuna. In da tanki a sama, yau da dare a cika shi, a sa alama da alƙalamin maka inda ruwan ya tsaya, kowa ya haƙura da famfo har safiya. In an tashi ruwan ya sauka to mai yiwuwa bututun da ke kawo ruwa ne ya tsage ko gam ɗin mahaɗa ya saki. Gobe kuma ki rufe bawul ɗin banɗakin kaɗai ki sake gwadawa, in ruwan tankin bai motsa ba kin kama layin kenan, sai a fasa wajen tafin hannu biyu maimakon ɗaki guda.

Hajiya Babba: 'Yata kafin komai a kashe soket ɗin bangon nan daga akwatin wuta, a janye katifa, yara ba sa jin bari. Ruwa da lantarki ba wasa ba ne.

Injiniya Samaru: Abin da falamba ya faɗa daidai ne amma akwai saura. In tankin bai ragu ba ba wai shi kenan ba, zai iya zama ruwan wanka ne ke bi ta tsakanin tayil ɗin banɗaki inda simintin ya zaizaye, ko bakin magudanar ƙasa, irin wannan sai an yi amfani da wajen yake zuba shi ya sa tanki ba zai nuna ba. Ku koma wani banɗakin na kwana uku ku ga ko jiƙar za ta ja baya. Sannan ki duba tsayinta, danshin da ke tasowa daga ƙasa yakan bi bango a miƙe da wuya ya wuce mita 1, shi ke kawo farin gishirin nan musamman gidajen da aka gina ba a shimfiɗa leda a fandisho ba, kuma Zariya muna da su da yawa. Sai dai shi ba ya tara ruwa a kan tayil cikin hunturu, don haka ni na fi zargin bututu.

Baban Gida Gyallesu: Ku ɗiga shuɗin wanki a tankin masai kar a ja ruwa, in shuɗin ya bayyana a kwanon ko a ƙasa ta baya to robar da ke hana tankin masan yoyo ce ta mutu. Namu haka ya yi, muna ta zargin sokawen maƙwabta har an kusa ɓatawa, ashe 'yar roba ce.

Maman 'Yan Biyu: Na gode Allah ya saka da alheri. Tankinmu ɗaya da mutanen ɗaya sashen, in sun buɗe famfo da dare fa?

Falamba Sabon Gari: Sai maigida ya yi musu magana su ɗebi na alwala da na dare a bokiti, dare ɗaya ne ai. Kuma kafin a fasa ko tayil ɗaya ki ɗauki hoton alamar da bidiyon bangon a tura wa mai gidan hayar, a yi magana a kan wa zai biya tun yanzu.