Wace kalma za mu ba "stop motion" da Hausa? Ga inda muka tsaya

Assalamu alaikum jama'a. Ina so ku taya ni tankaɗe da rairaya a kan wata kalma, domin ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Abin da ya tayar da zancen shi ne wani ɗan fim na daƙiƙa 30 da na yi a ɗakinmu a Tudun Wada, Kaduna. Kaza ce ta takarda, na yanko ta daga kwalin shayi, tana tafiya a kan faifai tana tsattsagar gero. Na nuna wa Inna a waya. Ta kalla sau uku, ta ɗago ta ce, "Wannan wane irin dabo ne? Me ake ce masa?" Na faɗa mata sunan Turanci. Ta ce, "A'a, da Hausa nake tambayar ki." Na rasa ta cewa.

Ga wanda bai san aikin ba: ana kafa waya a wuri guda, a ɗaure ta yadda ba za ta girgiza ba. A ajiye abu a gabanta, a ɗauki hoto. A motsa abin kamar faɗin ƙwayar shinkafa, a janye hannu, a sake ɗauka. Haka za a yi ta yi. Idan aka jera hotunan suka wuce da sauri, ido sai ya ga abin yana tafiya da kansa. Fim na silima hoto 24 ne a kowace daƙiƙa, amma masu wannan aiki da yawa 12 suke yi, ni ma haka. Ke nan kazata ta ci hoto 360, dare biyu cur. Da dare nake yi da fitila mai caji, saboda hasken rana ba ya zama wuri ɗaya, inuwa sai ta riƙa rawa a fim ɗin. Kuma dole a kashe fanka ko da zafin bazara ne, in ba haka ba iska ta kwashe fiffiken kazar, aikin awa biyu ya tashi a banza.

Mu uku ne muke wannan abu, a Instagram muka haɗu. Ɗaya tana Zariya, da yumɓu take aiki, irin shanun laka da muke ginawa muna yara. Ɗaya tela ce a Kawo, ita ce ke tara mana ƙyallayen atamfa da shadda. Sau da yawa nakan je tashar Kawo in ba direba ƙulli ya kai Zariya, ba komai a ciki sai ƙyallaye da tsofaffin mujallu. Da su biyun muka fara wannan muhawara, daga baya wasu suka sa baki.

Wanda aka fara kawowa shi ne "tsayar da motsi". Fassara ce kai tsaye, kuma ban yarda da ita ba ko kaɗan. Bahaushe in ya ji haka, hana motsi zai fahimta, alhali mu abin da ba ya motsi muke ba ƙafa. Sunan ya juya wa aikin baya.

"Katun" da "zane mai motsi" ma ba su zauna ba, don babu zane a ciki. Abu ne na gaske a gaban kyamara, yana da kauri, yana da inuwa. Masu kamfanin Aardman na birnin Bristol a Ingila, waɗanda suka yi fim ɗin Chicken Run a 2000, da wani irin yumɓun roba suke gina 'yan wasansu, har shatin yatsun maginin ana gani a jikinsu in an lura. Wannan shatin yatsa shi ne daɗin abin, kuma kalmar "zane" ba ta ɗauke shi ba.

Wani dattijo, malamin makaranta mai ritaya a Unguwar Rimi, ya ce mu farfaɗo da "majigi". Baba, wallahi kalmar tana da daɗi a bakina, kuma na so a ce ta dace. Amma majigi haskawa ne, farin ƙyalle da taron jama'a a fili bayan isha'i. Yana faɗin yadda ake nuna fim, bai faɗi yadda aka yi shi ba.

An kuma ce "fim ɗin 'yar tsana". A nan na ɗan tsaya, saboda wani lokaci 'yar tsanar ce kuwa. Sai dai ba kullum ba. Ladislas Starevich a Rasha, a 1912, da busassun ƙwari ya yi fim, ya sa musu ƙafafun waya. Ita kuwa Lotte Reiniger ta Jamus almakashi ne makaminta. Baƙin kwali take yankawa, ta haɗa gaɓoɓin da siririyar waya, ta shimfiɗa a kan gilashi, a haska daga ƙasa, sai inuwar mutane da dawakai da aljanu ta bayyana. Ta yi kusan shekara uku tana aikin fim ɗinta na Yarima Ahmad, ya fito a 1926, kuma shi ne dogon fim mafi tsufa na irin wannan fanni da ya rage a duniya. Labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya aka ciro shi, littafin da iyayenmu suka karanta da Hausa. Ranar da na fara ganinsa ban yi barci da wuri ba. Sunan da zai bar wannan mata a waje ba zan karɓe shi ba.

'Yar'uwata ta Zariya ta kawo "motsi daki-daki", kuma har yanzu tana kare shi. Ya kusa. Matsalata da shi ita ce mutum zai iya ɗauka ana nufin fim ɗin da aka rage wa gudu, kamar yadda ake maimaita cin ƙwallo a talabijin.

Wanda na tsaya a kai, a bakinmu na tsince shi. Idan ina aiki, ƙanena ne ke riƙe da igiyar abin sauraro, yana danna maɓallin ƙara murya don a ɗauki hoto ba tare da an taɓa wayar ba. Ni ina motsa kaza, in janye hannu, in ce masa "ɗauka". Shi kuma in ya danna sai ya ce "motsa". Motsa, ɗauka. Motsa, ɗauka. Sau 360. Telar nan ta zo ta zauna tana kallonmu wani dare, sai ta ce, "To ai ga sunan nan kuna ta faɗa."

Motsa-ɗauka.

Ginin kalmar ba baƙo ba ne. Haka muka samu dafa-duka, da faɗi-tashi, da ci-rani, da fasa-ƙwauri. Hausa takan dubi abin da ake yi ta mai da shi suna. Na gwada shi a jimla ya zauna: ta iya motsa-ɗauka, motsa-ɗaukan yumɓu ya fi na takarda wuya, yara sun yi motsa-ɗauka da motar kara. Wani ya ce "ɗauka" na iya sa a yi zaton ɗaukar kaya ake nufi. Gaskiya ne, amma "ɗaukar hoto" ya riga ya zama gari, kuma da zarar an ce "fim ɗin motsa-ɗauka" shakka ta kau.

Saura ɗaya ba mu gama ba, wato "collage", haɗa yanke-yanken takarda da ƙyalle da hotuna a manna su zama hoto guda, wanda da shi muke yin bangon fim. Asalin kalmar Faransanci ne, daga aikatau mai nufin mannawa, kuma masu zane Picasso da Braque ne suka shigar da shi zanen zamani a 1912. Wani ya ce "gamin gambiza", na ce a'a, wannan suna ne na raini, aikin kuwa da tunani ake zaɓar kowane ƙyalle. Ni "yanka-manna" nake so. Telar ta fi son "yanka-liƙa", ta ce liƙawa ta fi nuna an sa gam. 'Yan'uwa na Sakkwato da Katsina da Damagaram, don Allah ku gaya mana wanne ya fi sauƙi a harshenku.

Na koma wa Inna da sunan motsa-ɗauka. Ba ta ce komai ba, ta gyaɗa kai kawai. Shekaranjiya maƙwabciyarmu ta shigo da yamma tana nemana, ina ɗaki na rufe taga ina haɗa fitila. Sai na ji Inna daga tsakar gida tana cewa, "Tana ciki tana motsa-ɗaukanta. Ki shiga a hankali, kuma kada ki kunna mata fanka."