Makin kumburin gwiwa a hoton IRM na yara: abin dogaro ne?

Likitan Yara, Tawa: Sallama likitoci. Yaro ne mai amosanin gaɓɓai, aka tura shi Yamai a yi masa IRM ta gwiwa (hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu ke ɗauka), wani mai karanta hoto ya ba shi maki 1, wani 2. Da wanne za a yi aiki wajen sauya magani?

Mai Karanta Hoto, Yamai: Dokta, fara tambayar wane ma'auni suka bi. Na gwiwa da aka fi sani shi ne JAMRIS, daga Amstadam, 2013. Kaurin fatar cikin gaɓa ake aunawa a wurare 6, a hoton T1 (wani salon ɗaukar IRM) bayan allurar gadoliniyom (sinadarin da ke haska fatar a hoto): ƙasa da milimita 2 maki 0 ne, 2 zuwa 4 maki 1, sama da 4 maki 2. To ka ga milimita 3,9 da 4,1 sun raba maki, alhali bambancin bai wuce inda aka ɗora alamar awo ba.

Lokaci ma yana ɓata lissafi. In aka wuce kamar minti 10 bayan allura, gadoliniyom ya fara shiga ruwan gaɓa, fatar sai ta fito da kauri fiye da gaskiyarta. Ba allura kuwa, ruwa da fata kan haɗe a ido. A rubuta mintin a takardar sakamako, yawanci ba a yi.

Hajiya Likitar Gaɓɓai: Ƙari a kan na Malam: gwiwa ma da sauƙi. A wuyan hannun yaro mai lafiya lau ana ganin ƴan ramuka a ƙashi da alamar ruwa a ɓargo, girma ne kawai, wanda ya saba da hoton manya sai ya kira su zaizaya. Kuma a nan Nijar, IRM ba ta isa ita kaɗai ta raba amosanin da tarin fuka na gaɓa ko ciwon ƙashi na sikila ba. Gwiwa ɗaya da ta daɗe a kumbure, a zuƙo ruwan a gwada kafin a ba da maganin danne garkuwar jiki.

Mai Karanta Hoto, Yamai: Haka ne, Hajiya. Don bibiya, Dokta, na'ura ɗaya, lokacin allura ɗaya, mutum ɗaya ya karanta tsohon hoto da sabo gefe da gefe. In yaron ya motsa, gefen fatar ya dushe, kar a ba da maki, a sake ɗauka.