Inganci ne, tattali ne, ko auki?

Assalamu alaikum malamai masu fassara da 'yan uwa injiniyoyi. An ba ni wata takarda in mayar da ita Hausa domin ma'aikatan wata masana'anta, kan yadda za su riƙa auna wuta da mai da ruwa da ɗanyen kayan da suke kashewa. Tun a layi na biyu na cije. Kalmar Turancin nan da ake furtawa "ifishensi" ce ta tsaya mini a wuya. Duk inda na sa "inganci", kamar yadda muka saba ji a rediyo, sai jimlar ta faɗi abin da ba shi ake nufi ba. Ina roƙon mu zauna a kanta mu tsayar da magana ɗaya.

Abin da kalmar ke nufi a masana'anta ba shi da wuyar faɗa: me ya shiga, me ya fito. Ka zuba kaza, ka kwashi kaza. Idan ka kwashi da yawa daga kaɗan, to ita ce.

Ga dalilin da ya sa inganci ba zai ɗauki wannan kaya ba. Ku ɗauki siminti. Ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a tanderu mai juyawa, zafi ya kai wajen digiri 1,450, sai a sami kilinka, wanda ake niƙawa ya zama siminti. A tsohuwar hanya ana kwaɓa kayan da ruwa kafin su shiga tanderu, don haka sai wuta ta fara ƙafar da ruwan nan tukuna, kuma tan ɗaya na kilinka yakan ci gigajul 5 zuwa 6 (gigajul ma'aunin makamashi ne). A sabuwar hanya kayan a bushe suke shiga, hayaƙin tanderun ma shi ke ɗumama su tun kafin su iso, tan ɗaya yakan tsaya tsakanin gigajul 3 da 3.5. Buhun da ya fito daga can da wanda ya fito daga nan, idan magini ya kwaɓa su, ƙarfinsu ɗaya. Ingancinsu ɗaya ke nan. Amma ɗaya ya ƙone kusan ninkin abin da ɗayan ya ƙone. In muka ce wa ma'aikaci "ƙara inganci", zai duba kyan buhun da ke fita, alhali mu tanderu muke son ya duba.

Na juya "tattali", kuma ina ƙaunar kalmar. Sai dai tattali aikin mutum ne, hali ne, kulawa ce. Ana yaba wa mutum da shi, ba a ɗora shi a sikeli. Ba za ka ce tattalin injin nan kashi 90 cikin 100 ne ba. Ban da haka, "tattalin arziki" ya riga ya zaune wurin, duk wanda ya ji "tattalin albarkatu" hankalinsa zai tafi kasafin kuɗin gwamnati. "Tsimi" kuwa ragewa ne kurum. Masana'antar da ta kashe rabin injinanta ta yi tsimin wuta, amma kayan da take fitarwa ma sun ragu da rabi, ba ta ci gaba da komai ba. "Tanadi" ajiya ce don gobe. Larabawa suna cewa "kafa'a", to amma duk wanda ya zauna gaban malami ya san kafa'a a babin aure, kunnensa ba zai kai ta ɗakin inji ba.

Kalmar da nake kawowa gabanku tamu ce, tana bakin kowa: auki. Wasu sukan ce afki.

Mai fenti yakan ce fentin nan yana da auki, wato galan ɗaya ya shafe bango mai faɗi. Mai wanki yakan ce sabulun nan ba ya auki. Ma'aikaci yakan ce albashi ya daina auki. A duk waɗannan ba kyau ake nufi ba, ba yawa ake nufi ba, nisan da kaɗan ya kai ake nufi. Akwai abu biyu a cikin kalmar tun asali, abin da aka zuba da abin da aka samu, kuma su ne dai biyun da injiniya yake raba ɗaya da ɗaya. Saboda haka nake ba da shawarar mu ce aukin makamashi, aukin ruwa, aukin ɗanyen kaya, in an haɗa su duka mu ce aukin albarkatu. Tattali ya tsaya a matsayin aikin da ake yi, auki shi ne sakamakon da ake aunawa. Ana tattali domin a sami auki.

Auki yana da abokin tafiya, domin masana'antu sun fi auna shi ta bayansa. Ba kasafai suke cewa tan nawa gigajul ɗaya ya ba mu ba, sun fi cewa gigajul nawa tan ɗaya ya ci. Wannan ma muna da shi: ci. Direba ya san mota mai shan mai, mai gyaran wuta ya san na'ura mai cin wuta. To mu ce "cin kowane tan". Narkar da alminiyam daga ma'adininsa, cin kowane kilo yakan kai kilowat-awa 13 zuwa 15 na lantarki. Sake narkar da tsohon alminiyam kuwa bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na makamashin da sabo ke buƙata ba. Ci ya sauka, auki ya hau. Fuska biyu ce ta awo ɗaya.

Wasu daga cikinku sun riga sun yi tsokaci a kan wannan kalma, bari in amsa musu. Allah ya gafarta Malam, na ga gyaranka, kuma gyara ne mai nauyi. Ka ce auki sifar kaya ce, ba ta mai sarrafa kaya ba: fenti ke da auki, ba a cewa mai fenti yana da auki, balle inji. Haka ne. Amma ina ganin nan ne ma kalmar ta fi ta Turancin gaskiya, don abin da muke aunawa shi ne nisan da man ya kai, inji hanya ce kawai da ya bi. Za mu iya cewa "aukin mai a wannan inji". In kuma baki ya gajarta shi ya koma "aukin inji", ba sabon abu ba ne a wurinmu. Jirgi na ruwa ne kafin ya hau dogo ya kuma tashi sama. Wuta ta murhu ce kafin ta bi waya. Makamashi kansa abin hura wuta ne, yau ga shi yana ɗauke da hasken rana da ƙarfin iska.

Hajiya, kin tambaya ko auki zai shiga inda ake maganar ma'aikaci ko ofis mai gama aiki ba ɓata lokaci. A'a, ban kai shi can ba. Can muna da ƙwazo da ƙwarewa da iya aiki. Ba dole ne kalma ɗaya tamu ta bi ta Turanci duk lungun da ta shiga ba. Ni dai inda ake zuba abu a kwashi abu, a kuma iya ƙirga su, nan nake nema mata mazauni.

Injiniya ya ce in mun tsaya a auki mun yi rabin aiki, don takardun nan ba sa rabuwa da wasu kalmomi uku. Gaskiyarsa, kuma nan ne na fi daɗewa.

Ta farko ita ce adadin da ake farawa da shi, wanda za a riƙa waiwaya ana gwada ci gaba da shi. Ƙa'idar ISO 50001 ta sarrafa makamashi, wadda ta fito a 2011 aka sabunta ta a 2018, a kansa ta ginu: ka tsayar da lokacin da za ka ɗauka a matsayin tushe, ka zaɓi alƙaluman da za ka riƙa bi. Na sa masa "mafarin awo". Zaɓensa amana ce. Wanda ya ɗauki shekarar da injinansa suka fi lalacewa ya ce ita ce mafari, duk abin da ya biyo baya nasara zai zama a takarda. Akwai kuma tarkon da ke kama masu gaskiya: fitilu da famfuna da kwamfiresa suna cin wuta ko ana aiki sosai ko ba a yi, don haka watan da kasuwa ta ja baya aka rage fitar da kaya, cin kowane tan zai hau ba tare da kowa ya yi sakaci ba. Dole awo ya yi la'akari da wannan, in ba haka ba a tuhumi wanda bai yi laifi ba.

Ta biyu ita ce abin gwadawa daga waje, wato na wane za ka duba ka san matsayinka. Wannan "mizani" ya ishe shi. Japan ta yi amfani da dabarar tun 1999 a kan motoci da kayan lantarki: a duba wanda ya fi kowa auki a kasuwa, a ce nan da shekara kaza kowa ya kamo shi.

Ta uku ita ce adadin da ake son kaiwa. Mun saba cewa "buri" ko "manufa". Buri na zuciya ne, mutum na iya mutuwa da burinsa ba wanda zai tuhume shi. Manufa kuwa dalili ce, ita ke amsa "don me". Abin da ake nufi a nan yana da lamba, yana da wa'adi, ana iya cewa an kai ko ba a kai ba. Shi ya sa na zaɓi "gaci". Mai haye kogi ya san gaci: yana hango shi, ya san tazararsa, kuma ba a kai masa rabi a ce an isa. "Gacinmu shi ne cin kowane tan ya sauka daga kaza zuwa kaza kafin ƙarshen shekara kaza." Duk jimlar da ba ta cika waɗannan gurabe ba, buri ce.

Gaci yana da iyakar da ba a ƙetarewa. Sauyin da ke mayar da dutse kilinka shi kansa yana buƙatar kusan gigajul 1.8 a kowane tan, ko da ba a yi asarar zafi ko kaɗan ba. Wanda ke kan 5.5 yana da fili mai faɗi a gabansa, wanda ke kan 3.1 kuwa kowane ɗan taki sai da gumi. Shi ya sa ɗora wa kowa ragi iri ɗaya zalunci ne ga wanda ya riga ya yi gyara. Indiya ta lura da haka a shirin da ta fara a 2012, inda ta ɗauki manyan masana'antu 478 a fannoni 8, ciki har da siminti da ƙarfe da takin zamani da masaƙu, ta yanka wa kowace nata gacin gwargwadon inda take. Wadda ta wuce nata an ba ta takardar shaida da za ta iya sayar wa wadda ta gaza.

Sin kuma ta nuna mana ɗaya gefen. A shirinta na shekara biyar daga 2006 zuwa 2010 ta sa gacin rage cin makamashi da kashi 20 cikin 100 a kan kowane ma'aunin arzikin da ƙasar ke samarwa, kuma ta kai wajen 19. An yi aikin gaske, an rufe tsofaffin tashoshin wuta da ƙananan masana'antu masu ɓarna. Amma da wa'adi ya matso a ƙarshen 2010, wasu ƙananan hukumomi suka shiga yanke wa masana'antu wuta, har da gidajen mutane, don lambar ta cika. Masana'antu suka tayar da janareto, man dizal ya yi ƙaranci. Wannan tsimi ne aka yi aka kira shi auki. Abin yana damuna, don haka nake nacewa kalmomin biyu su rabu a bakinmu tun yanzu, ma'aikacin da aka matsa wa lamba ya iya buɗe baki ya ce ranka ya daɗe, wannan da muke yi tsimi ne.

Saura abu ɗaya da ɗan uwana ɗalibi ya taɓo, ko ƙaruwar auki na nufin an rage ɓarnar albarkatu gaba ɗaya. Ba lallai ba. A ce masana'anta na fitar da tan 100, kowane tan na cin awo 10, jimla 1,000. Ta gyara, ci ya sauka zuwa 8, kayanta suka yi sauƙi, masu saye suka ƙaru, ta koma fitar da tan 150. Jimla ta zama 1,200. Masanin tattalin arziki William Stanley Jevons ya lura da wannan a Ingila tun 1865: injinan tururi sun rage cin kwal, amma kwal ɗin da ƙasar ke ƙonewa sai ƙaruwa ya yi, don injin ya zama mai araha kowa ya sa shi a aikinsa. To gaci iri biyu ne, kuma dole mai fassara ya bambanta su: gacin ci, na kowane tan, da gacin jimla, na abin da aka kashe baki ɗaya. Kamfani ya ce ya rage kashi 20, a tambaye shi na ci ko na jimla.

Ga yadda sakin layin da ya tsayar da ni ya koma yanzu: "Kowane sashe zai rubuta cin wuta da na ruwa a kowane tan duk mako. Za a gwada shi da mafarin awo na bara. Gacin bana shi ne aukin makamashi ya ƙaru da kashi kaza ba tare da ingancin kaya ya ragu ba." Ku lura auki da inganci sun zauna a jimla ɗaya, kowa da aikinsa, abin da ya gagara a fassarata ta farko.

Inda nake jiran ku shi ne "cin ruwa". Kunnena ya fi son "shan ruwa" da "shan mai", amma jadawalin awo yana son kalma ɗaya a saman shafi. Na bar "ci" a jadawali, na bar "sha" a cikin bayani. Malam, in kana ganin a daidaita su, faɗa mini kafin in miƙa takardar ranar Litinin.