Shawarwarin marubutan Bauchi kan labarin ƙungiyar asiri da taɓin hankali

Abin da marubutan suka fi jan kunne a kai shi ne maida mai taɓin hankali makashi don neman sauƙi. Yawancin masu wannan lalura su ake cuta, kuma masu karatu na da irinsu a gida. Wanda ya tsira daga hannun matsafa a nuna shi ta alamomi: barci ya gagara, mafarki ɗaya yana dawowa, ƙamshin turaren wuta kaɗai ya sa shi gumi da kyarma. Danginsa kuwa, ruƙiyya za su fara nema kafin asibiti.

Ƙungiyar asiri daban, 'yan sara-suka (wato 'yan daba) daban, kada a cakuɗa. Ƙungiyar asiri takan ja mutum a hankali: kyauta, bashi, raba shi da 'yan uwa, sannan rantsuwa. In aka tsallake matakan nan, labarin ya zama tatsuniya.

Sai bincike. A nan ba a cika barin gawa ta kwana ba, don haka jami'in binciken da ke labarinka yana tsere da masu jana'iza. Da zarar an yi wanka an sa likkafani, shaida ta tafi. Kuma sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda ake zargi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu.